Wadda Ba a Rubuta Ba

A Kukar Ya'u, ƙauyen da ke ɗan nesa kaɗan da Babban Mutum, duk wanda aka tambaya labarin Iya Laraba ungozoma abu biyu zai faɗa. Na farko, tana gane ciki kafin mai shi ta gane. Mata suna ba da labarin ranar da ta shiga wani gida ta tarar da amarya tana surfe, ta zare taɓaryar daga hannunta ta jingine a bango, ta fita ba ta ce uffan ba. Wata takwas bayan nan aka yanka ragon suna. Na biyu, babu mace mai kara irinta a duk yankin. Uwar mijinta ta rasu ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. Shekara ashirin da bakwai tana auren Malam Dabo, ko da kuskure ba a ji sunansa a bakinta ba. 'Yarta ta fari kuwa, Haulatu, tun da aka yaye ta aka kai ta Baure gidan gwaggonta, Iya Laraba ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarta a gaban mutane ba. Ranar ɗaurin auren yarinyar ma, an ce a madafin maƙwabta ta wuni tana gyaran wuta kamar wadda aka ɗauko aiki. Tsofaffi idan za su yi wa matan yanzu faɗa, da ita suke kafa misali.

A shekara ta shida da soma aiki da shari'a a jihar, sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya kawo wani sabon aiki. Ana so a bi kowane ciki tun daga ranar da aka san da shi har mai jego ta yi arba'in: a san me take ci, ko tana kwana cikin gidan sauro, ko tana shan ƙwayoyin ƙarin jini, ko maigida yana barinta zuwa awo, a ina take nufin haihuwa. Ma'aikata maza ba sa wuce zaure, mutane kuma ba su gama hucewa daga gardamar rigakafi ba, kowa ya ga baƙo da biro da takarda sai ya ja bakinsa ya tsuke. Don haka aka nemi ungozomomi. Aka tara su a Baure kwana uku, aka ba kowacce kati mai hotuna, tunda yawancinsu ba su yi boko ba: ga mace mai kumburin fuska da ƙafa, ga wata ta dafe kai, ga wata tana zubar jini, ga wata a ƙasa tana jijjiga. Aka ce duk wadda kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinta, kada a jira.

Ma'aikaciyar lafiyar da aka ba Kukar Ya'u ita ce Sista Dorothy, malamar asibiti, matar Chukwudi mai shagon kayan babur a Babban Mutum. Shekararta goma sha huɗu a ƙasar Daura, Hausa ta zauna a bakinta, tana yafa mayafi idan za ta shiga ƙauye, tana cin tuwon gero da miyar kuka har ta nemi ƙari. Duk Talata da hantsi take zuwa a kan ɗan babur ɗinta, da babban littafi da abin awon jini a jaka. Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Wadda sunanta ya shiga littafi za a auna ta duk mako. Idan jininta ya hau a ja mata jan layi, a tura ta asibiti, a kuma gaya wa Nagoggo direba kada ya yi nisa da motarsa. Wadda ba ta shiga ba, aikin bai san da ita ba.

Iya Laraba ba ta rubutu, sai ta yi nata littafin. 'Ya'yan tsamiya take tarawa a wani gwangwanin madara, kowace mai ciki ƙwaya ɗaya. Ranar Talata ta juye su a faifai a tsakar gidanta, ta ɗaga ɗaya ta faɗi sunan matar da na mijinta da watannin cikin, Dorothy ta rubuta, matar ta matso a auna ta. Idan mace ta yi arba'in lafiya, a jefar da ƙwayarta bayan danga. A taron ungozomomi Dorothy takan ce, "Littafin Iya ya fi nawa, nata ruwan sama ba ya jiƙa shi." Wata tara ana yi, ko ciki ɗaya bai kuɓuce musu ba.

Sai ga Haulatu ta zo goyon ciki.

Gwaggon da ta raine ta ta rasu bara, babu inda za a kai ta sai gidan ubanta. Shekara biyar da aurenta, sai yanzu Allah ya kawo. Mijinta Zailani tela ya kawo ta damina na tsaka, cikin yana wata bakwai, ya durƙusa a zaure ya gaida Malam Dabo ya koma. Iya Laraba ta riga ta share ɗakin da ke kusa da rumbu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta rataya gidan sauro. Da ta ji sallamarsu sai ta bi ta ƙofar baya zuwa gidan Madina maƙwabciyarta.

"Uwar Haulatu, an gudo ke nan?" in ji Madina. Abokiyar wasanta ce, ita kaɗai ke iya jifanta da wannan suna.

"Aron rariya na zo."

"Rariyarki uku a rataye, na ƙirga su jiya. To zauna. Jikan nan dai sai kin gan shi, ko ki rufe ido ki karɓe shi da lalube."

"Ke za ki karɓa. Ina ruwana."

Haka kuwa aka saba. Idan ranar ta zo wata ce za ta karɓi haihuwar, uwar tana can wani gida tana jiran a kawo mata labari ta yi kamar ba ta ji ba.

Zaman gidan ya tafi a haka. Iya Laraba ba ta yi wa Haulatu magana kai tsaye. Idan ta kwashe tuwo sai ta dubi bango ta ce, "A zo a ɗauka kafin ya huce." Idan hadari ya taso ta ce, "A kwashe shanya." Haulatu ta amsa, "To, Iya," yadda kowa a ƙauyen yake amsa mata. Doguwa ce marar hayaniya, tana wuni a bakin ƙofar ɗakinta tana ɗinkin hula, ta lulluɓe cikin da mayafi kamar akwai wanda bai gani ba.

Washegarin zuwanta da safe Iya Laraba ta ɗauki ƙwayar tsamiya ɗaya ta riƙe a bakin gwangwanin. Idan ta saka, ranar Talata dole ta ɗaga ta a gaban matan ƙauye ta ce, Haulatu matar Zailani, wata bakwai. Ta gwada faɗa a zuci, harshenta ya yi nauyi. Ta ƙulle ƙwayar a haɓar zaninta, ta ce bari Talata ta zo ta ga yadda za a yi.

Talata ta zo, ƙwaya goma sha ɗaya a faifai, suna goma sha ɗaya a littafi. Dorothy tana naɗe abin awo sai idonta ya kai ƙofar ɗakin rumbu.

"Iya, waccan mai hula fa? Ban san fuskar ba. Kuma kamar da kaya a gabanta."

Matan da ke kan tabarma suka yi tsit, kowacce ta kasa kunne.

"Baƙuwa ce daga Baure," in ji Iya Laraba.

Wata tsohuwa ta gyaɗa kai. Wata ta rufe baki da mayafi tana murmushi.

"Af, to 'yan Baure sun rubuta ta," in ji Dorothy. "Kada mu rubuta mace ɗaya sau biyu, ofis su ce Dorothy ta fara ƙirƙirar ciki." Aka yi dariya. "Tana zuwa awo can ko?"

Iya Laraba ta sunkuya tana mayar da 'ya'yan tsamiya cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Dorothy ta ɗauki shirun a matsayin amsa, ta rataya jakarta. Ta taɓa tambayar Iya Laraba 'ya'yanta nawa, ta amsa mata cewa huɗu ne. Biyar ne. Ita kanta Haulatu, mai cikin fari, ba za ta fito gaban uwarta da tsofaffin ƙauye ta miƙa hannu ta ce a auna ni ba. Daga ranar ma da ta ji ƙarar babur sai ta shige ɗaki ta saki labule. A can Baure kuwa, ungozomar unguwarsu ta ba da labarin cewa ta tafi gida goyon ciki, aka soke sunanta aka rubuta a gefe, ta koma Kukar Ya'u. Wannan sai daga baya aka sani.

Mako uku bayan nan, ranar wata Juma'a, Iya Laraba ta ga silifan Haulatu a ajiye bakin ƙofa, ita kuma tana tafiya bayan gida da tsohon takalmin ubanta. Kwana biyu tsakani ta gan ta a gindin randa tana goga sabulu a hannu tana ƙoƙarin zare awarwaro. Da safe idanunta sukan yi luhu-luhu kamar wadda ta yi kuka. Duk wannan da gefen ido ta gani, tana tankaɗe ko tana tsintar wake. Sai hular ta daina ci gaba. Ta ji Haulatu tana ce wa Madina ta saman danga, "Gwaggo, allurar nan ta ƙi ni, zaren biyu nake gani. Ga kai kamar ana daka."

Iya Laraba ta shiga ɗakinta ta ɗauko katin hotunan daga ƙarƙashin fanteka. Ba don ba ta san abin da ke ciki ba. Ita take koya wa sauran ungozomomi shi. Ta dubi mai kumburi, ta dubi mai dafe kai, ta dubi wadda ke ƙasa tana jijjiga. Ta mayar da katin.

Ta yi abin da za ta iya yi ba tare da ta buɗe baki ba. Ta rage gishiri, ta daina sa kanwa, har Malam Dabo ya tsoma loma ya ce, "Yau miyar nan ta yi wa wani laifi ne?" Ta ce gishirin ne ya jiƙe. Ta karɓe ɗiban ruwa da shara, tana cewa bango, "A je a kwanta." Da la'asar ɗaya ta sami Malam Dabo yana wasa fartanya a gindin rumbu, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, wadda ke ɗakin nan. Ƙafar ta yi nauyi."

Ya miƙe kamar kunama ta harbe shi. Shi ma ɗiyarsa ta fari ce. "Wannan ai zancenku ne na mata," ya ce, ya saɓa fartanyar ya fice.

Ta koma wajen Madina.

"Ran Talata ki ja Sista gefe ki ce ta duba ta. Kada ki ce ni na ce."

"Ikon Allah. Matar da ta san watan cikin kowa a garin nan, yau ita ke neman ɗan aike. Bakin naki aro kika bayar?"

"Madina, ba wasa na zo ba."

Madina ta dube ta, ta ajiye ludayin da ke hannunta. "To na ji. Ni zan faɗa."

Ranar Litinin da azahar aka aiko wa Madina cewa yayanta ya rasu a wani ƙauye can hayin iyaka, cikin Nijar. Ta tafi a gigice, ko kulle ƙofa ba ta yi ba.

Talatar nan da hadari ta waye. Dorothy ta zo tana sauri, tana ɗaga kai tana duban sama. Mata sun cika tsakar gida, har da wasu tsofaffi biyu da ba sa fashi, waɗanda suke zuwa rakiyar surukansu. Aka juye faifai. Iya Laraba ta ɗaga ƙwaya ta faɗi suna, ta ɗaga ta faɗi, har goma sha ɗaya. Wata mai suna Fadila jininta ya ɗan hau, Dorothy ta ja mata jan layi, ta tambaye ta ko kai na ciwo, ta ce a'a, ta ba ta takarda ta ce jibi ta same ta a asibiti, ta kuma yi mata tsiya a kan daddawa da gishirin da take zambaɗawa.

"Shi ke nan, Iya?" in ji Dorothy, biro a hannu. "Babu sabuwa? Babu wadda kika ga wata alama?"

Hannun Iya Laraba yana kan haɓar zaninta. Ƙwayar tana nan, tana jin taurinta tsakanin yatsu. Tsofaffin nan suna kallonta da irin kallon da suka saba yi mata shekara ashirin da biyar, na yarda da yabo. Labulen ɗakin rumbu ya motsa kaɗan.

"Shi ke nan," ta ce.

Ta bi Dorothy har zaure, abin da ba ta saba yi ba, da nufin ta faɗa a can inda babu mata. A zauren ta tarar da Malam Dabo da abokansa uku sun fake wa yayyafi. Dorothy ta juyo tana jira.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Iya Laraba.

Ta koma ciki tana lissafin cewa Madina za ta dawo Alhamis, sai ta sa ta ta raka yarinyar Babban Mutum. Kwana biyu ne kawai.

Ranar Alhamis da hantsi tana tankaɗen gari sai ta ji kwano ya faɗi ya yi ta gangara. Ta waiga. Haulatu tana ƙasa a gindin randa, jikinta yana fizga, idanu sun kafe sama, kumfa a bakinta. Iya Laraba ta watsar da rariya. Ta juya ta kan gefe, ta janye randa da turmi daga kusa da ita, ta kwance mata ɗaurin zani, ta tallafe kanta a cinya. Mata suka shigo da salati, wata tana cewa iska ce a kawo hayaƙi, wata tana neman cokali a sa mata a baki.

"Kada wadda ta taɓa ta," in ji Iya Laraba. Sannan ta ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ta ba a gidan. "Malam! A nemo Nagoggo! Yanzu!"

Nagoggo ba ya nan. Jan layi ɗaya aka gaya masa, na Fadila, ya kuwa sauke ta a asibiti da sassafe ya wuce da lodin tumaki. Babu wanda ya ce masa akwai wata. Malam Dabo ya hau babur ɗin wani ya nufi Babban Mutum neman mota. Sai da rana ta kusa tsaka ya dawo da a-kori-kura, Dorothy tana biye da su. Kafin nan jijjigar ta tafi ta dawo sau uku.

Dorothy ta durƙusa ta ɗaura abin awo, ta duba, ta sake dubawa.

"Baƙuwar nan ce? Iya, ina danginta? 'Yar wa ce?"

Direban da ke riƙe da bakin tabarma ya ce, "Ai 'yar Iya ce, Sista. Ta fari."

Dorothy ta ɗago ta dubi Iya Laraba. Ta ce a ɗaga ta a hankali.

Hanyar ta ci ruwa, motar ta kafe sau biyu kafin su hau kwalta. A Baure aka yi mata allura, jikin ya lafa, aka ce a wuce Daura. A Daura aka shiga da ita tiyata. Ɗa namiji ne, bai zo da rai ba. Malam Dabo da Zailani suka karɓe shi naɗe a farin ƙyalle suka kai shi. Haulatu ba ta san inda take ba sai rana ta uku. Madina da ta dawo daga ta'aziyya ta tarar da labarin, ita ta zauna a bakin gadon. Iya Laraba tana waje a baranda cikin masu jinya, tana wanke kwanuka da zannuwa, tana miƙa kunu ta hannun Madina.

Bayan kwana goma sha ɗaya aka sallame su. Aka shiga jego babu jariri. Iya Laraba ke dafa ruwan wanka, tana surka shi yadda Dorothy ta ce, Madina ke yin wankan. Nono ya kawo ya rasa mai sha, aka ɗaure ƙirjin da zani. Mata suna shigowa jaje, su fita suna magana a hanya. Wasu suna cewa haka Allah ya so. Tsofaffin nan biyu kuwa cewa suka yi, kun ga Laraba, jikanta na fari ya tafi, ko hawaye ba a gani ba, ko ɗakin ba ta leƙa ba, irin wannan kara an daina yinta. Maganar ta iso kunnenta tana hura wuta. Ta ci gaba da hurawa.

Talata ta biyu bayan dawowarsu, da aka gama awo mata suka watse, Dorothy ba ta rataya jaka ba. Ta zaro wata takarda ruwan ɗorawa. Ta ce duk inda aka rasa jariri, ko uwa ta kusa tafiya, ana cike wannan a aika ofis, ba don a kama kowa ba, don a san inda aka yi jinkiri. Ana tambayar mai jegon da wanda ke kusa da ita.

Suka shiga ɗakin rumbu. Haulatu tana kwance ta jingina da matashi, ta rame, fuskarta ta koma yadda take. Dorothy ta zauna a kujera 'yar tsugunno, Madina a gefen tabarma. Iya Laraba ta tsaya daga waje jikin ƙofa, tana ba su gefe, tana gyaran tsintsiya.

"Sannu, Haulatu. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Sista."

"Yaushe kumburin ya fara?"

Haulatu ta girgiza kai. "Ban riƙe ba."

"Ran Juma'a," in ji murya daga bakin ƙofa. "Kwana goma sha uku kafin ta faɗi. Silifa suka fara ƙi."

Dorothy ta rubuta ba ta ɗago ba. "Hannu da fuska fa?"

"Hannu ran Lahadi. Awarwaro bai fita ba sai da sabulu, na hagu ma ya bar shaida. Fuska da safe take tashi, ta sauka da azahar."

"Ciwon kai?"

"Ran Larabar da ta biyo. Ranar ta ajiye hula, ta ce zare biyu take gani. Ba ta ci tuwon rana ba, loma uku ta yi ta rufe. Ran Asabar ta yi amai bayan rumbu ta rufe da ƙasa."

Haulatu ta juyo da kanta a hankali ta dubi ƙofar. Madina ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma.

Dorothy ta juya takardar. "Saura tambaya ɗaya. Me ya kawo jinkiri? Ga gurabe huɗu. Ba a gane alamun ba. Maigida ba ya nan ko bai yarda ba. Babu mota. Hanya ta lalace." Ta ɗan dakata. "Zan sa babu mota. Ai gaskiya ce. Ni ma ina da nawa, na ga mace da ciki a gabana na tsaya lissafin littafin wa take ciki, ban miƙa hannu na auna ta ba."

"Ba mota ba ce," in ji Iya Laraba.

"Iya."

"Da an ja mata layi, da Nagoggo yana nan. Na gane tun ranar silifa. Kin tambaye ni, na ce shi ke nan."

"Babu gurbin wannan a takardar."

"Ki rubuta a gefe. Akwai ungozomomi da yawa masu 'ya'yan fari."

Dorothy ta dube ta, sannan ta juya takardar a kaikaice ta fara rubutu a farin gefen.

Iya Laraba ta jingine tsintsiya. Ta kama haɓar zaninta tana kwance ƙullin, ya ƙi, don ya sha wanki sau da yawa ya ɗaure tamau, sai da ta sa haƙori. Ta tako cikin ɗakin, karo na farko tun ranar da ta share shi, ta ɗora ƙwayar tsamiyar a kan babban littafin da ke cinyar Dorothy.

"Arba'in ba ta cika ba, har yanzu tana cikin aikinki. Buɗe ki rubuta. Matar Zailani tela. 'Yata ce, ta fari."

Dorothy ta buɗe littafin, ta rubuta kwanan wata, ta tsayar da biro a gurbin suna. Ta san sunan, ta rubuta shi a takardun asibiti sau da yawa. Ba ta rubuta ba, ta jira.

Iya Laraba ba ta dubi littafin ba. Ta durƙusa a gefen shimfiɗar, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, ta dafa su a gwiwa. Ta dubi fuskar sosai, da ido biyu.

"Haulatu."

Sunan ya fito kamar na wani yare. Haulatu ta buɗe baki, sai a karo na biyu muryar ta fito.

"Na'am, Iya."

"Na gani tun farko. Ina da baki, ina da wadda zan gaya wa, na yi shiru don kada a ce. Ɗanki ya tafi, ke ma saura kaɗan. Haulatu, na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."